Yayana Ne Kuke Wa Dariya

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Hamisu. A irin wannan watan Allah ya karɓi abinsa, ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa abinci in raba sadaka ba, in sa a yi masa addu'a a masallacin unguwarmu a nan Kazaure, in koma harkokina. Ban taɓa zaton zan kawo zancensa jarida ba. Bana na kawo ne saboda mutumin da muka binne ya ƙi fita daga bakin jama'a, kuma yawancin masu ambatonsa ba su ma san shi suke ambato ba.

Akwai wani tsohon fim na barkwanci da ya dawo yayi a 'yan watannin nan. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba na so in ƙara masa ko mutum ɗaya a cikin masu kallo. Wanda ya san shi zai gane idan na ce fim ɗin nan ne na wani ma'aikacin gwamnati mai sanyin hali, wanda yakan juye farat ɗaya ya zama wani mutum daban, makiyayi mai hayaniya, ya ɗauki sanda ya shiga kora baburan 'yan acaɓa a kasuwa yana cewa shanunsa ne. A zamanin kaset ya fito. Yanzu an yanyanka shi gunduwa-gunduwa ana yawo da shi a wayoyi. Na ji shi a cikin adaidaita sahu, na ji shi a gidan suna, na ji shi a bakin mai sayar da kifi yana tsokanar abokin ciniki. Har an fara kiransa fim ɗin da ba ya tsufa.

To, wannan mutumin da kuke kallo kuna riƙe ciki, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya Hamisu malamin gona ne. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, idan yana magana sai ka matso kusa kafin ka ji. Aikinsa zagaya ƙauyuka a kan wani tsohon babur, yau yana Roni, gobe yana Gwiwa, wani lokaci har Kanya Babba, yana duba amfanin gona, yana nuna wa manoma yadda ake zuba taki da feshi. Shi ya kai ni makaranta ranar farko, shi kuma ya tsaya wa Baba a kai sai an bar ni na yi karatun koyarwa. Abin da na zama a duniya, bayan ikon Allah, hannunsa yana ciki.

Innarmu Bafulatana ce. Lokacin da Yaya yake ƙarami an kai shi wajen kakanmu, mahaifin Inna, a rugarsu ta wajen Gwiwa, ya yi 'yan shekaru yana bin shanu. Wata damina suna tsallaka rafi da garke ruwa ya zo daga sama. A gaban idonsa ruwan ya tafi da Kaka da mafi yawan shanun. Shi reshen bishiya ya kama, a nan aka same shi. Aka dawo da shi gida bai ce komai ba, bai yi kuka ba, manya suka ce yaro ne zai manta. Ya shiga makaranta, ya yi karatu, ya kama aiki, ya auri Rabi, kowa ya ɗauka ya mantan.

Bayan auren ne abin ya fara. Yana zaune lafiya sai ka ga idonsa ya canja. Ya miƙe, ya cire takalmi, ya ture hula ƙeya, muryarsa ta buɗe kamar ba tasa ba, ya koma Fulatanci tsantsa, harshen da a ranakun lafiya ba ya haɗa magana biyu da shi. Ba ya sanin Rabi, ba ya sanina. Abu ɗaya yake nema, shanu. Ina shanun, wa ya kore su, ruwa na zuwa. Bai taɓa dukan kowa ba. Inna ce ta raɗa wa wannan hali suna. Idan ta ga alama sai ta ce da mu a hankali, “Baƙo ya zo.” Mun san abin yi. A rufe ƙofar soro, a ɓoye makullin babur, a kawo nono a ƙwarya, Inna ta zauna kusa da shi tana yi masa magana da harshen mahaifinta har barci ya ɗauke shi. Idan ya farka ba ya tuna komai. Sai dai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Wa na ɓata wa?” Mu ce babu kowa. Ba ya yarda, sai ya bi mu yana ba da haƙuri.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, mutane suna ta cewa iska ce. A ƙarshe Baba ya kai shi asibiti. Likita ya zauna da mu ya ce ba aljani ba ne, abin da yaron ya gani ne ya fi ƙarfin zuciya ɗaya, sai ta ware masa wuri daban ta ajiye. Aka ɗora shi a kan magani da zuwa ganin likita lokaci-lokaci. Sauƙi ya samu sosai. Sai a yi wata da watanni Baƙo bai leƙo ba. Yaya yana aikinsa, aka haifa masa 'ya mace aka sa mata Sa'adatu. Maƙwabta sun san ba shi da cikakkiyar lafiya, amma yadda abin yake da sunan da muke kiransa, wannan bai fita soronmu ba.

Mutum ɗaya ne a waje ya san komai. Zan kira shi Tasi'u, ba sunansa ba ne. Abokin Yaya ne tun firamare. A soronmu yake kwana, Inna takan ajiye masa tuwo ko bai zo ba, ni kuma Yaya Tasi'u nake ce masa. Mutum ne mai baiwar kwaikwayo, zai yi maka tafiyar liman ko muryar hedimasta har ka faɗi ƙasa. Yana cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gari, daga baya ya koma Kano ya shiga harkar fim. Ranar da zai tafi, Yaya ne ya kai shi tasha a bayan babur.

Kafin tafiyar tasa akwai wata ranar kasuwar Roni da suka je tare. Da la'asar Tasi'u ya dawo da Yaya gida, shi yake tuƙa babur ɗin, Yaya a baya babu takalmi, rigarsa a yage. Ya ce wa Inna jiri ne ya ɗebe shi ya faɗi, ba wani abu. Ya ce wa Yaya haka shi ma, har da rantsuwa. Muka yi masa godiya. Inna ta sa masa albarka ta ce Allah ya bar zumunci, ta ce ko ɗan'uwa na jini iyakar abin da zai yi ke nan.

Bayan wasu shekaru fim ya fito. Tasi'u ne ya rubuta, shi ya ba da umarni. Ni ban sani ba sai da na ji yara a makarantar da nake koyarwa suna tsere a fili suna ihu, “Baƙo ya zo! Baƙo ya zo!” Alli ya faɗi daga hannuna. Kalmar Inna ce, wadda take faɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji, ga ta a bakin 'yan aji uku. Na aika aka karɓo mini kaset ɗin haya na kalla ni kaɗai. Babu abin da ya bari. Ture hular, cire takalmin, ƙwaryar nonon, tsohuwa mai lallashi da Fulatanci, har jakar takardun da Yaya yake ratayawa. An canja suna, an canja gari, an mai da malamin gona ma'aikacin haraji. Amma a Kazaure babu wanda ya buƙaci a yi masa bayani.

Mun so mu ɓoye wa Yaya, abin bai ɓoyu ba. Wata ranar Asabar da hantsi ya shigo gidana da kaset ɗin a aljihu, ya ce, “Binta, sa mini in gani. A gida Rabi ta ce na'urar ta lalace, na san ba ta lalace ba.” Na yi ta kawo dalilai, ya zauna a tabarma yana jirana. Na sa masa. Ba zan ɓoye ba, a farkon fim ɗin ya yi dariya sau ɗaya ko biyu, domin Tasi'u ya iya aikinsa. Da aka zo wurin kasuwa sai dariyar ta tsaya. Ga mutumin yana zagaya babura da sanda, yana kiran kowanne da launinsa, ja da fara da baƙa, yana roƙon su tashi ruwa na zuwa. Ga 'yan acaɓa sun kewaye shi suna tafi, ɗaya ya ja rigarsa ta yage. Yaya ya matsa kusa da talabijin kamar mai duba rubutu.

“Rigar nan,” in ji shi. “Ashe ba faɗuwa na yi ba.”

Ya juyo ya dube ni.

“Ashe haka nake, Binta.”

Shekarunsa nawa yana ɗauke da wannan lalura bai taɓa ganinta ba. Mu muke gani, shi labari kawai yake ji, labarin ma mun tace shi. Ranar da ya fara ganin kansa, a hannun amininsa ya gani, da kiɗan ban dariya a ƙarƙashi. Ya kalla har ƙarshe, ya cire kaset ɗin da kansa ya mayar cikin kwali. Abin da ya ƙara faɗa kafin ya fita shi ne, “Bai sa wurin da nake ba da haƙuri ba.”

Daga nan rayuwa ta ƙuntata. Idan ya tsaya sayen mai, sai wani ya ce a matsar da babura ga mai shanu. Manoman da suke tashi tsaye idan ya iso, 'ya'yansu suka fara bin bayansa da kara a hannu. A ofis aka ce don lafiyarsa a daina tura shi ƙauye, aka ba shi tebur a lungu babu aikin yi. Abin da ya fi yi mana illa shi ne ya daina zuwa asibiti. Ya ce akwai masu shayi da 'yan acaɓa a bakin ƙofa, duk wanda ya gan shi ya shiga ya samu tabbacin abin da ya gani a fim. Nakan karɓo masa magani da kaina, wani lokaci ya sha, wani lokaci in tarar da shi a ƙarƙashin matashi. Baƙo ya dawo zuwa a kai a kai. Inna ta daina faɗin sunan, sai dai ta dube mu kawai.

Mijina ya taɓa samun Tasi'u a Kano ya yi masa magana. Amsar da ya kawo mana ita ce, wai fim ƙirƙira ne, wai masu irin wannan lalura suna da yawa a duniya, wai mu ne muke tona wa kanmu asiri da muke cewa namu ne. Yaya da ya ji sai ya ce a bar maganar. Har ya koma ga Allah ban ji ya zagi Tasi'u ba. Sunansa kawai ya daina faɗa.

Ba zan ce fim ne ya kashe yayana ba. Ni Musulma ce, na san kwana ne ya ƙare. Zazzaɓi ne ya kama shi bayan wata fita da ya yi cikin ruwan sama yana neman shanu, jikin da ma ya riga ya rame, bai yi mako ba ya cika. Amma na san yadda yake kafin fim ɗin, na san yadda ya koma bayansa, kuma babu wanda zai sa in ce ban gani ba.

Ranar sadakar uku Tasi'u ya zo gaisuwa. Da ya zo shi kaɗai, da wataƙila yau ba na wannan rubutu. Sai ya zo da mota cike da abokan sana'arsa, har da ɗan wasan da ya fito a matsayin mutumin. Kafin su gama sallama unguwa ta cika. Matasa suna hawa katanga don su ga ɗan wasa, ana turereniya a kan tabarmin masu zaman makoki. Ina daga cikin gida na ji wani ya ɗaga murya ya faɗi kalmar nan ta Inna, aka kwashe da dariya a ƙofar gidanmu, malamai suna tsakiyar addu'a. Tasi'u ya nemi ya shigo ya gaida Inna. Ta ce a ce masa ta gode, Allah ya ba da lada, amma tana jin jiri. Ban taɓa jin Inna ta rama wa wani magana ba sai ranar.

Wannan duk tsohon zance ne, na yi niyyar in tafi da shi kabari. Abin da ya tayar da shi Sa'adatu ce. Tana ƙarama mahaifinta ya rasu, abin da take tunawa kaɗan ne, mu kuma mun gaya mata malamin gona ne mutumin kirki, zazzaɓi ya yi ajalinsa, duka gaskiya ne. Yanzu ta girma, ma'aikaciyar jinya ce a Babura, da aurenta da 'ya'ya biyu. Kwanakin baya ta zo mini ranar aiki, ba ta ko cire kayan asibiti ba. Ta zauna a bakin gado ta miƙo mini waya. Abokan aikinta ne suke kallon guntun fim ɗin a lokacin hutu, ita ma tana cikin masu dariya, ta ce har hawaye ta yi. Sai ta gangara ƙasa wurin da mutane suke rubuta ra'ayinsu, ta ga wani ya rubuta cewa labarin gaske ne, wani mahaukaci ne a Kazaure, ya faɗi unguwarmu, ya faɗi aikin Yaya.

“Gwaggo,” ta ce, “Baba ne?”

Na ce shi ne. Na ba ta labarin tun daga rafi. Ba ta yi kuka a gabana ba, irin mahaifinta ce. Ta ce abin da ya fi tsaya mata shi ne dariyar da ta yi.

Bayan tafiyarta na sa tabarau na zauna na karanta ra'ayoyin nan, abin da ban saba ba. Yawanci yabo ne. Wani ya ce da can ake fim, na yanzu duk rawa ce. Wata ta ce ko sau nawa ta kalla sai ta yi dariya, shi ne maganin hawan jininta. Wani ya ce yana tuna masa mahaifinsa da suke kallo tare, Allah ya jiƙansa. Wannan ya taɓa ni, domin na ga a gidansu fim ɗin abin alheri ne, kuma ba ni da ikon ƙwace masa wannan. Wasu sun kama gardama a kan ko an ci mutuncin Fulani, suka yi ta zagin juna har suka manta da fim ɗin. Wani mai ilimi ya yi dogon bayani cewa marubucin ya yi zurfin tunani, wai yana nuna yadda kowane ɗan boko yake ɗauke da ɗan ƙauye a cikinsa. Na karanta wannan sau biyu. Yayana ya ga ruwa ya ci kakansa, wani ya mai da shi darasin adabi.

Akwai 'yan kaɗan, yawancinsu matasa, da suka ce su ba su ga abin dariya ba, wannan mara lafiya ne aka mayar abin wasa. Aka taso musu, ana cewa 'yan zamani ba su san raha ba, komai sai sun sa masa Turanci. Wata yarinya ta rubuta cewa yayarta tana da irin wannan lalura, kuma duk lokacin da fim ɗin ya dawo yayi sai sun hana ta fita. Babu wanda ya ba ta amsa. A ƙarƙashin maganarta wani ya manna fuskokin dariya ya wuce.

Ina cikin wannan hali sai ga Tasi'u a rediyo, an gayyace shi a matsayin dattijon sana'a. Muryarsa ta tsufa, amma ita ce. Mai gabatarwa ya tambaye shi a ina ya samo wannan labari da ya ƙi mutuwa. Na ajiye abin da nake yi. Wallahi na ba shi dama a zuciyata. Na yi fatan ko ba zai faɗi suna ba, ya dai ce akwai wani bawan Allah da na ɗauka daga rayuwarsa ban nemi izininsa ba, a yi masa addu'a. Da ya faɗi haka da na yafe rabi. Sai ya yi 'yar dariya ya ce baiwa ce, wata rana yana zaune abin ya faɗo masa a rai. Ya ƙara da cewa ya yi fim ɗin ne don wayar da kan jama'a a kan masu taɓin hankali. Mutumin da ya ci tuwon Inna. Da farko ya ɗauki ciwon Yaya ya sayar, yanzu kuma ya share shi daga labarin gaba ɗaya, ya ɗaura wa kansa rawanin mai taimako.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana nan. Na san wayar za ta ba shi mamaki, shi da yake tafiyar rabin yini don ya gaya wa manomi ɗaya cewa tsutsa ta shigo. Na san zai ji daɗin matasan nan da suka ce ba su ga abin dariya ba, zai ce a zamaninsa ko ɗaya babu. Zai tambaya ko yanzu mutum yana iya shiga asibitin ƙwaƙwalwa da rana tsaka ba tare da ya waiwaya ba, ni kuma ba ni da amsar da za ta faranta masa. Game da Tasi'u, ina jin tsoron cewa zai ce a bar maganar, kamar yadda ya faɗa a da. Wannan haƙurin nasa yana cikin abin da yake ƙona mini rai. An ci amanar mutumin da aka tabbata ba zai rama ba. Kuma ba Tasi'u kaɗai ba. Garin nan da ya san Yaya, ya san gidanmu, ya yi sallah sahu ɗaya da shi, shi ya fara dariyar kafin baƙi su taya.

Makon jiya Sa'adatu ta ce in raka ta wuraren da mahaifinta ya yi aiki, tana so ta ji shi a bakin wasu ba mu ba. Muka ɗauki mota zuwa Gwiwa, daga nan muka hau babura. Wurare biyu ba mu sami wanda ya tuna shi sosai ba, tsofaffin sun tafi. A na uku, wata ruga ce da mutanenta suka zauna suna noma da kiwo, aka kai mu wurin Arɗonsu, tsoho tukuf yana zaune a gindin tsamiya. Da na ce malamin gona Hamisu, sai ya gyara zama. Ya dubi Sa'adatu ya ce ba sai an gaya masa ba, ga goshin nan. Ya ba mu labarin shekarar da tsutsa ta tasar wa wakensu, Yaya ya kwana biyu a wurinsu yana feshi da hannunsa. Sa'adatu ta saurara, sannan ta yi tambayar da ban zaci za ta yi ba.

“Baffa, kun san ba shi da lafiya?”

Tsohon ya dube ni kamar mai neman izini. Na ɗaga masa kai.

“Mun sani, 'yata. Abin ya taɓa zuwar masa a nan, a wancan fegin. Muna cikin magana sai ya cire takalmi ya koma harshenmu, yana tambayar shanu. Na ce da yarana kada wanda ya taɓa shi. Na ba shi sandata, na ce ga shanun can, je ka duba su. Ya bi garkenmu tun azahar har rana ta yi sanyi, ɗana yana biye da shi daga nesa. Wallahi ya iya kiwo. Ya tattaro su ya kawo su gida, ya ƙirga ya ga babu wadda ta ɓata, sai ya zauna ya yi barci. Da ya tashi muka ba shi fura. Ya ce wa na ɓata wa, na ce babu, aiki ma ka yi mana.”

Na tambaye shi ko ya taɓa gaya wa wani. Ya yi mamakin tambayar. Ya ce, “A gaya wa wa? Mutum ya zo gidanka lalura ta same shi.” Abin ya faru tun kafin fim, kuma ko mu 'yan gida ba mu taɓa ji ba sai ranar.

A hanyar dawowa na yi ta auna abin da ya rage na yayana. Idan yawan baki ake bi, fim ya yi nasara. Zai daɗe bayan ni, zai daɗe bayan Tasi'u, jikokin da ba a haifa ba za su yi dariyar mutumin da yake kora babura, kuma ba ni da yadda zan hana. Ban rubuta wannan don a ba ni haƙuri ba, wanda ya cancanci haƙurin yana maƙabarta, kuma zuciyata ba ta kai ga yafiya ba tukuna, ba zan yi ƙaryar ta kai ba. Amma ba fim ne kaɗai ya rage ba. Akwai 'yarsa da take jinyar marasa lafiya, wadda ta ce daga yau babu mai lalurar ƙwaƙwalwar da za a yi wa dariya a ɗakin da take aiki. Akwai ni da ya kai makaranta, har na iya riƙe alƙalamin da na rubuta wannan. Akwai kuma yini guda a wani fegi a Gwiwa da ya samu shanunsa cif, ya kai su gida kafin ruwa.

Allah ya jiƙan Yaya Hamisu, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Sa'adatu ta ce bayan girbi za ta koma rugar da 'ya'yanta, tun tsohon yana da rai. Tana so su fara jin labarin kakansu a can, kafin wani ya miƙo musu waya.